Sayen Bindigar AR-15 ta Farko a Amurka: Matakan da Sabon Shiga Zai Bi

An idar da sallar Juma'a muna tsaye a wurin ajiye motoci a Houston, wani ƙanena a zumunci ya miƙo mini wayarsa. Hoton bindiga ne, baƙa wuluk, an ɗora mata fitila da madubi da wasu tarkace har ba ka ganin jikinta. Ya ce, "Yaya, wannan nake son saya, me ka gani?" Na tambaye shi inda zai ajiye ta a gidan da yake da yara uku. Ya yi shiru. Na tambaye shi ko ya taɓa harba irinta. Ya ce sau ɗaya, ta wani abokin aikinsa. Wannan hirar ce ta sa na zauna na rubuta abin da na sani, domin 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka bisa ƙa'ida kuma suke tunanin mallakar irin wannan bindiga don wasan harbi, ko farauta, ko tsaron gida.

Tun farko in faɗi iyakar maganar. Abin da ke nan na mazauna Amurka ne kaɗai. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogi irin na soja a sahun haramtattu ga farar hula, kuma fitar da bindiga, ko wani sashe nata, ko harsashi daga Amurka ba tare da izinin gwamnati ba babban laifi ne a can ma. Duk wanda ya roƙe ka ka sa masa a kwantena ko a cikin motar da za ka aika gida, ɗaurin kurkuku yake nema maka.

Wace irin bindiga ce

Haruffan AR daga sunan kamfanin ArmaLite suka fito, inda Eugene Stoner ya tsara bindigar a shekarun 1950. A 1959 kamfanin ya sayar wa Colt da tsarin, sojan Amurka suka karɓe shi da sunan M16, Colt kuma ya fara sayar wa farar hula nasu samfurin a farkon shekarun 1960. Da haƙƙin mallakar tsarin ya ƙare, kamfanoni da yawa suka shiga ƙera ta, shi ya sa yau za ka ga sunaye barkatai a kan abu kusan iri ɗaya.

Kamarta ɗaya da ta soja a ido, amma aikinsu ya bambanta. Ta farar hula, jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne. Tana ɗura wa kanta na gaba, amma ba za ta sake tashi ba sai ka saki kunamar ka sake ja. Mayar da ita mai ɓarin wuta laifi ne na tarayya mai ɗaurin da ya kai shekara 10, kuma duk wanda ya yi maka tallan wani ɗan ƙarfe da zai yi wannan aikin, ka yi nesa da shi.

Mataki na ɗaya: doka ta yarda maka?

Kafin ka kalli farashi ko launi, ka tsaya a nan, don nan ne mutanenmu suka fi shiga uku. Ɗan ƙasa da mai girin kad suna iya saye daga dila mai lasisin tarayya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asalin doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai wasu 'yan keɓance-keɓance kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Idan kana cikin wannan rukuni, ka biya lauyan shige da fice kuɗin zama ɗaya ka ji daga bakinsa. Wanda ba shi da takardun zama, babu hanya ko kaɗan. Mai girin kad kuma ya sani cewa laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifukan da ake korar mutum daga ƙasar a kansu, ko da ya shekara ashirin yana biyan haraji.

Akwai waɗanda dokar tarayya ta hana ko da 'yan ƙasa ne: wanda aka taɓa samu da babban laifi, wanda aka yanke wa hukuncin dukan iyali ko da ƙaramin laifi aka kira shi, wanda kotu ta ba umarnin nisantar matarsa, da mai shan haramtattun ƙwayoyi.

Shekarun saye a dokar tarayya 18 ne ga doguwar bindiga, amma jihohi da dama sun ɗaga zuwa 21, ciki har da Florida tun 2018. Tun 2022 kuma ana yi wa ɗan ƙasa da 21 ƙarin bincike wanda kan iya ɗaukar kwanakin aiki 10.

Sai dokar jiha, wadda ita ce ke raba gardama. Abin da mutumin Texas ko Georgia zai saya cikin awa guda, mutumin New York ba zai iya ajiye shi a gidansa ba. California, New York, New Jersey, Connecticut, Massachusetts, Maryland, Delaware, Illinois, jihar Washington da birnin Washington duk suna da dokokin da suka hana ko suka ƙuntata irin wannan bindiga, da yawansu kuma sun taƙaita gidan harsashi zuwa mai cin 10. 'Yan'uwanmu na Bronx su lura musamman, birnin New York yana da nasa dokokin a kan na jiha. Waɗannan dokoki suna canzawa, don haka shafin 'yan sandan jiharka ko na babban lauyan jiha shi ne abin dubawa a makon da za ka saya, ba abin da wani ya faɗa a zauren WhatsApp bara ba.

Mataki na biyu: ma'ajiya kafin bindiga

Ra'ayina a nan ba ya lanƙwasa. Sef ɗin ƙarfe ya riga bindiga shiga gida. Gidajenmu gidajen jama'a ne, yau ɗan yayarka ya zo hutu, gobe an yi suna falo ya cika da yara suna shiga ɗaki suna fita. Yaro ya san duk wani lungu da kake ganin ɓoyayye ne, saman kwaba da ƙarƙashin gado ba ma'ajiya ba ne. Ka sayi sef da za a ɗaure shi da ƙusa a bango ko a daɓe, bindiga ta kwana ciki babu harsashi a jikinta, harsasai kuma a kulle a wani wuri daban. Sababbin bindigogi sukan zo da kwaɗo mai waya da ake zurawa ta cikinsu, wasu ofisoshin 'yan sanda ma suna raba shi kyauta ƙarƙashin shirin Project ChildSafe. Yana da amfani, amma bai maye gurbin sef ba.

Ka kuma zauna da uwargida ku yi maganar tun kafin ka kashe ko sisi. Gidanta ne kamar yadda yake naka. Akwai wata magana mai nauyi da ba mu cika son taɓawa ba: fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, su ne suka kashe kansu. Zaman ƙasar waje yana da ƙunci, akwai kaɗaici, akwai bashi, akwai rikicin aure. Idan kai ko wani a gidan yana cikin damuwa mai tsanani, a ɗage sayen. Idan an riga an saya, a kai ta ajiya wurin dila ko filin harbi da ke karɓar ajiya har hankali ya kwanta. Lambar waya 988, ta agajin masu damuwa da masu tunanin kashe kansu, tana amsa kira dare da rana.

Mataki na uku: ka harba kafin ka saya

Yawancin filayen harbi na cikin gari suna ba da hayar bindiga, suna kuma da malamai. Ka biya kuɗin darasin sabon shiga na 'yan awoyi. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA tana da kwas na farko kan doguwar bindiga, shirin Project Appleseed kuma yana koyar da harbi na kwana biyu a jihohi da dama a kan kuɗi kaɗan. A can za a cusa maka ƙa'idoji huɗu da ake jinginawa ga malamin harbi Jeff Cooper: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya halakawa ba, yatsanka ya nisanci kunama har sai ka saita abin harbi, kuma ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Ta ƙarshen tana da nauyi ga mai zama a gidan haya, domin bangon gidajen Amurka allo ne na farar ƙasa, harsashi yana ratsa shi ya shiga ɗakin maƙwabci.

Wasu bayan darasin sukan gane cewa ba AR-15 suke buƙata ba tukuna. Bindiga mai ƙaramin harsashi .22, irin Ruger 10/22 ko M&P15-22 ta Smith & Wesson wadda siffarta da maɓallanta kamar na AR ne, ta fi arha nesa ba kusa ba, ƙararta kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa. Wanda ya koyi saiti da ita ya fi wanda ya fara da babba yana runtse ido kafin ya ja kunama.

Mataki na huɗu: kasafin kuɗi

Kuskuren ƙanen nan nawa shi ne ya haɗa duk kuɗinsa a kan bindigar kaɗai. Bindigar sabon shiga mai kyau takan kama tsakanin dala 500 zuwa 900. Amma ka lissafa sef, da abin toshe kunne, da tabarau na kariya, da abin saiti, da maratayi, da gidajen harsashi uku ko huɗu, da kayan wanki, da kuɗin darasi, da harsasai ɗari biyar na farko. Za ka tarar waɗannan sun kai kuɗin bindigar ko sun wuce. Mai dala 1,500 ya fi dacewa ya sayi ta 700 ya kashe sauran a kan koyo da harsashi, da ya kwashe duka ya sayi mai tsada ta kamfanin Daniel Defense ta zauna a sef ba a taɓa ta. Ba don ba ta da kyau ba, tana da kyau ƙwarai, amma hannun sabon shiga ba zai ji bambancin ba sai bayan dubban harbi.

Mataki na biyar: abin da za ka duba a jikinta

Ka sayi cikakkiya wadda kamfani ya haɗa, mai garanti. Haɗa ta da kanka daga sassa abu ne da mutane ke yi, amma ba aikin farko ba ne, don idan ta ƙi aiki ba za ka san ko laifinka ne ko na sashen ba.

Bututu ya zama inci 16. Wannan ba zaɓin ado ba ne, iyakar dokar tarayya ce: doguwar bindiga mai bututu ƙasa da inci 16 tana buƙatar rajista ta musamman da ATF, hukumar tarayya mai kula da dokokin bindiga. Za ka ga gajeru da ake sayarwa da sunan ƙaramar bindiga, dokokinsu sun sha canzawa kuma ƙararsu ta fi tsanani. Ka bar su.

Sai harsashin da take ci, kuma nan ka karanta abin da aka buga a jikin bututun da idonka. Idan an rubuta 5.56 NATO, ko .223 Wylde, tana cin 5.56 tana kuma cin .223 Remington. Idan .223 Remington kaɗai aka rubuta, kada ka sa mata 5.56, domin matsinsa ya fi ƙarfi. Sabon shiga ya zaɓi 5.56 NATO, shi ne ya fi samuwa kuma ya fi arha. Akwai wani harsashi da ake kira .300 Blackout wanda yake shiga gidan harsashi iri ɗaya, kuma yana iya zama a mazaunin 5.56. Idan aka harba shi a haka bindigar takan fashe a hannun mai ita. Na taɓa ganin ragowar irin wannan a kan teburin wani filin harbi, an ajiye don wa'azi: jikin sama ya tsage kamar an sa gatari, gidan harsashin ya buɗe ta ƙasa. Idan ka je harbi da aboki mai irin wannan harsashi, kada kayanku su haɗu a tebur ɗaya.

A cikin bututun akwai murɗaɗɗen tsagi da ke sa harsashi ya juya. Za ka ga an rubuta 1:7, 1:8 ko 1:9, wato zagaye ɗaya a cikin inci kaza. 1:8 ya fi dacewa da kowa, yana riƙe harsashi marar nauyi mai giren 55 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) da ake atisaye da shi, yana kuma riƙe mai nauyin giren 77. 1:7 ma lafiya lau. 1:9 yana aiki da masu sauƙin nauyi, wanda shi ne akasarin abin da za ka harba, don haka ba dalilin ƙin bindiga ba ne idan farashinta ya yi daɗi.

Abin da nake so ka fahimta sosai shi ne yadda take ɗura wa kanta. Idan harsashi ya tashi, wani ɓangare na hayaƙin albarushi yana fita ta wani ɗan rami a saman bututu, ya biyo siririn bututu ya dawo baya ya tura sakata, sakata ta fitar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi. Nisan wannan ramin daga baya shi ne ake kira tsayin gas. Gajere yana kusan inci 7, matsakaici kusan inci 9. A kan bututu mai inci 16, matsakaici ya fi laushi a kafaɗa kuma bai cika wahalar da sassan ciki ba, don hayaƙin ya rage ƙarfi kafin ya dawo. Idan aka ba ka zaɓi a farashi kusan ɗaya, ɗauki matsakaici.

Ka roƙi mai shago ya buɗe ta ya zaro maka sakatar da maɗaukinta. Nan ne zuciyar bindigar, kuma nan ne masu arha ke rage kuɗi. A saman maɗaukin akwai ɗan ƙarfe da hayaƙi ke shiga, an ɗaure shi da noti biyu. Ka duba ko an dandaƙe ƙarfen gefen notin ya danne kawunansu, don kada su kwance da girgiza. Idan ba a yi ba, ko an ɗan taɓa ne kawai, alama ce ta aikin gaggawa. A takardar bayani ka nemi sakata ta ƙarfen Carpenter 158 ko 9310, da haruffan MPI, wato an gwada ta da maganaɗisu an tabbatar babu tsaga. Jikin bindigar ya zama alminiyon 7075-T6 da aka buga, bututu kuma ƙarfen 4150 ko 4140 mai rufin naitaraid ko kurom a ciki.

Mariƙin gaba mai ramukan M-LOK wanda bai taɓa bututu ba ya fi, yana ba ka wurin ɗaura maratayi da fitila. Gindi mai zugewa yana da amfani idan uwargida ma za ta koya, don kowa ya daidaita shi da tsawon hannunsa, in dai jiharku ta yarda da shi.

Sunayen da sabon shiga zai iya farawa da su ba tare da fargaba ba: Smith & Wesson M&P15 Sport III, Ruger AR-556, IWI Zion-15, Springfield Saint, da PA-15 ta Palmetto State Armory ga mai ƙaramin aljihu. Ni da za a tambaye ni, tsakanin Sport III da Zion-15 zan tsaya, dukansu gas matsakaici ne, tsagi 1:8, da dogon mariƙi na M-LOK. Ka ɗaga kowacce a shago ka ji nauyinta, ya kamata ta tsaya kusan kilo 3 babu komai a kanta.

Mataki na shida: ranar saye

Ka je da lasisin tuƙi mai adireshinka na yanzu, mai girin kad kuma ya tafi da katinsa don za a nemi lambarsa. Za ka cike fom 4473 na ATF, dila ya aika bayananka ga tsarin bincike na NICS da FBI ke gudanarwa, ko ga hukumar jiha. Amsa uku ce: a ci gaba, a jira, ko an ƙi. Masu sunaye irin namu da dubban mutane ke amsawa, Muhammad, Abubakar, Ibrahim, sukan gamu da "a jira" saboda sunan ya yi kama da na wani. Rubuta lambarka ta soshiyal sikiyuriti ba dole ba ne a fom ɗin, amma tana taimakawa a bambanta ka. Idan aka ce ka jira, ka koma gida ka jira kiran dila.

Tambaya ta farko mai nauyi a fom ɗin ita ce ko kai ne ainihin mai sayen. Mu mutane ne masu kunya da kara, ɗan'uwa zai ce maka takardunsa ba su fito ba, ka saya masa da sunanka ga kuɗin. Kada ka yi. Tun 2022 wannan laifi ne mai zaman kansa, ɗaurinsa ya kai shekara 15. Idan ka saya ta intanet, ba gidanka za a kawo ba, wurin dila mai lasisi za a kai, ka cike fom ɗin a can ka biya shi ɗan kuɗin hidima. Sayen hannu da hannu daga baƙo a wurin ajiye motoci kuwa, ko a jihar da ta halatta, ba na ba sabon shiga shawararsa, don ba ka san tarihin bindigar ba.

Mataki na bakwai: makon farko

Yawancin waɗannan bindigogi suna zuwa babu abin saiti. Madubi mai jan ɗigo irin Sig Romeo5 ko na Holosun ya wadatar, ka ƙara saitin ƙarfe ko na roba mai naɗewa irin MBUS na Magpul don ranar da batir ya mutu. Gidan harsashi kuwa PMAG na Magpul yana da arha kuma ba ya ba da matsala. Iyakar abin da za ka ɗora ke nan a shekarar farko.

Kafin harbin farko ka karanta littafinta, ka tabbatar babu harsashi a ɗakin da kake, ka buɗe ta ka goge man ajiya na kamfani, ka sa mata man bindiga a sakata da maɗauki. AR tana jure datti fiye da yadda ake faɗa, abin da ba ta jurewa shi ne bushewa. A filin harbi ka haɗa abin toshe kunne biyu, na cusawa da na rufewa, musamman a filin cikin gini, domin ƙararta ta wuce desibel 160, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka tambayi masu filin ko sun yarda da harsashi mai koren kai, da yawa sun hana shi don yana lalata musu ƙarfen tare harsashi. Ka daidaita saitinka a yadi 50, kana zaune bindigar na kan jakar yashi, harbi biyar-biyar, kana gyara madubin a hankali. Da ka gama ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, saboda ƙurar darma.

A hanyar zuwa da dawowa bindiga ta kasance babu harsashi, cikin akwatinta a kulle, a but ɗin mota, kuma kada ka tsallaka iyakar jiha da ita sai ka karanta dokar jihar da za ka shiga. Ka ware jaka guda ta filin harbi wadda ba za ta taɓa zuwa filin jirgi ba. Harsashi ɗaya kan maƙale a kusurwar aljihu ya yi wata shida ba ka sani ba, a 2024 an tsare Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos na yankin Karibiyan a kan 'yan harsasan da suka manta a jakunkunansu. Mu da muke zuwa gida hutu ko Umara, ta Legas ko Abuja ko Jidda, jakar tafiya daban, jakar harbi daban, kuma a zazzage aljihun rigar sanyi kafin a sa ta a akwati.